Manhajar gidan abinci: saukewa ne shaida, ko dawowa?

Baban Khalifa (Kano): Salamu alaikum jama'a. A ƙarshen 2023 McDonald's ya ce mutum miliyan 150 ne ke cikin tsarinsa na tara maki ta waya, kuma yana neman su kai miliyan 250 nan da 2027. Ni a wurina magana ta ƙare. Duk gidan abincin da bai shiga wayar mutane ba, kasuwa ta wuce shi, har namu na gida.

Maman Iman (Bronx): Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, a yi a hankali. Ina garin nan a Disambar 2018 lokacin da Burger King ya yi wata dabara: ka sauke manhajarsu, ka je kusa da shagon McDonald's, tazarar ƙafa 600, sai a sayar maka da burgarsu mai suna Whopper a kan senti ɗaya na dala. Cikin kwana tara aka sauke ta sau miliyan ɗaya da rabi. To son abincin ne ya kai mutane ko araha? Ɗana babba manhaja shida ce a wayarsa. Kafin ya fita sai ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ba da rangwame ranar ita ce tasa. Da waya ta cika, su yake fara gogewa.

Baban Khalifa (Kano): Hajiya, ai shi ya sa ban kawo adadin saukewa ba. Miliyan 150 ɗin nan waɗanda suka yi amfani da tsarin ne cikin kwana 90 na baya. Wanda ya sauke ya manta ba ya ciki. Domino's mai sayar da pizza ma ya ce fiye da kashi 85 cikin ɗari na cinikinsa a Amurka ta intanet yake zuwa.

Maman Iman (Bronx): Wannan na karɓa. Amma ka san me ya dawo da su? Makon jiya na tsaya a layi a wani gidan abinci nan unguwarmu, na kifi zan saya wa yara. Wata tsohuwa a gabana ta ƙirga kuɗinta a tafin hannu ta biya cikakken farashi. Yaron da ke gefenta ya nuna lamba a waya, ya karɓi irin abincin nata da rangwame. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. An tsawwala farashin kanta, an ɓoye sauƙin a cikin waya. Wanda ya koma manhaja a haka, tura shi aka yi.

Sani (Toronto): Anti, kuma sauƙin ba kyauta ba ne. A Yunin 2022 hukumomin kare sirrin jama'a na Kanada suka bayyana cewa manhajar Tim Hortons, kamfanin shagunan kofi, ta riƙa bibiyar inda mutane suke duk bayan 'yan mintoci, ko da ba a buɗe ta ba. A lokacin tana gane gidanka da wurin aikinka, har shigarka shagon abokin hamayyarsu. Da aka zo sulhu, kofi ɗaya da donat ɗaya aka ba kowa. Tun daga ranar ba na barin wata manhajar abinci ta ga inda nake.

Malam Habu mai abinci (Kaduna): Ku bari in sa baki, tunda sana'ata ake magana. Yaya Baban Khalifa ya ce har namu na gida, nan ne ban yarda ba. McDonald's ko shago ɗaya ba shi da shi a Najeriya. Jumia Food da Bolt Food kuwa duk sun tattara sun bar harkar kai abinci a ƙasar nan a Disambar 2023. Ni odata ta WhatsApp take zuwa. Mutum ya turo saƙon murya: shinkafa da wake biyu, a cika yaji, kar a sa kabeji. Ya tura kuɗi, in ga alat, in ba yaro ya hau mashin. Wanda yake lallaɓa data ta naira ɗari biyar, kuma wayarsa kullum tana kukan ta cika, ba zai ba manhajata wuri ba.

Baban Khalifa (Kano): Malam Habu, amma Chowdeck da aka kafa a 2021 ai tana nan tana bunƙasa a Legas da Abuja.

Malam Habu mai abinci (Kaduna): Tana nan, Allah ya ƙara mata kasuwa. Sai dai ita manhaja ɗaya ce mai ɗauke da gidajen abinci da yawa, kuma tana cire kasonta a kowace oda. Ba ita ce maganar da ka fara da ita ba. Kai ka ce kowane gida ya yi tasa.

Baban Khalifa (Kano): Haka ne, na ja baya a kan ƙananan gidaje. A kan manya masu rassa irin Chicken Republic ina nan a kan bakana.

Sani (Toronto): To Yaya, kai da ka kawo maganar, duba wayarka yanzu. Manhajar gidan abinci nawa ce a ciki, kuma yaushe rabonka da buɗe ta?

Baban Khalifa (Kano): Biyu ce. Ɗaya ina amfani da ita duk Juma'a bayan masallaci. Ɗayar tun azumi ban taɓa ta ba.