Neman shawara: wane koto zan sa wa hauki?

Ɗalibin Tampere: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Tampere, ƙasar Finland. Abokin aikina ya gayyace ni kamun hauki, kifin da 'yan Finland ke kira haka, Turawan Ingila kuma ke kira pike, ranar Asabar a tafkin Näsijärvi, kuma da surukinsa za a je, shi ya sa ba na son jin kunya. Fatsa ta hannu na saya, mai gidan da nake haya ma sai da ya yi min dariya, uwargida kuma tana ta ƙorafin kuɗin. Na sayi ƙananan koton kamfanin Rapala masu kamar kifi, biyu sun maƙale a ciyawa, ɗaya kifi ya tsinke zaren ya tafi da shi. Me zan saya?

Ɗan Yauri: Wa alaikumus salam ƙanena. Roba da fenti ba abinci ba ne. Mu da muka tashi a bakin Neja, ƙaramin kifi muke sa wa tsage a ƙugiya, kuma duk kifi mai haƙori halinsa ɗaya. Bar ɓarnar kuɗi.

Maman Yara Oulu: Malam, matsalarka zare ce. Haƙoran hauki suna yanke shi, dole ka ɗaura guntun waya tsakanin zaren da koton. A cikin ciyawa yake laɓewa ya jira ganima, don haka nemi koton ƙarfe mai siffar cokali, wanda aka yi wa ƙugiyarsa kariya. Yanzu Oktoba ce, ruwa ya yi sanyi, ka riƙa ja a hankali kana dakatawa.

Ɗalibin Tampere: Na gode Hajiya, amma waya tana hana koton rawa, na gwada. Kuma Rapala ai nan ne gidansa, tun 1936 Lauri Rapala ya sassaƙa na farko. 'Yan ƙasa ba za su yi shirme ba.

Alhaji Na Espoo: Ka dai biya kuɗin izini? Kamu da tsutsa a fatsar gora kyauta ne, amma jifa da koton kanti sai ka biya. Ni wani maƙwabcina ya ari fatsata bara, har yau ko sallama. Kuma kifin nan duk ƙaya ne, iyalina sun ƙi ci.

Ɗan Yauri: Kun gani? Ka biya gwamnati, ka biya mai kanti, kifi ya tafi da kayanka. Ƙanena, ka ji maganar manya.

Injiniya: Cokali tsohon yayi ne. A kaka hauki babban abinci yake nema, sayi kifin roba mai laushi, tsawon santimita 20.

Maman Yara Oulu: Fatsarsa za ta iya jefa wannan nauyin? Malam, giram nawa aka rubuta a jikinta?

Ɗan Yauri: Kakana bai taɓa auna giram ba, kuma bai taɓa dawowa hannu rabbana ba.

Ɗalibin Tampere: Rubutun ya goge. Ni dai ina ganin launi ne bai dace ba, azurfa na saya. Kore zan ƙaro ko ja? Ƙarfe tara suke rufe kanti.