Zomayen daji sun dami lambunan bakin kogi

Mai Lambu, Mairuno: Assalamu alaikum. Tun da ciyawar damina ta bushe zomaye suka dawo kan kubewa da wake a bakin kogi nan Mairuno, Sudan. Yaya ake yi, Baba?

Sarkin Noma, Sinnar: Wa alaikumus salam, ɗana. Fara tabbatar da mai ɓarnar. Zomo yana datse tsiro a karkace, tsaf kamar da reza, ya bar kashi ƙwaya-ƙwaya. Akuya fizga take yi, bakin ganyen ya yage. Kuma kada ka ɓata lokaci neman rami: zomon dajinmu ba ya haƙa rami, lafewa yake yi a gindin ciyawa ko ƙaya da rana, ya fito daga magariba zuwa asuba. Cikinsa kwana 42 ne ko kusa da haka, 'ya'yan suna zuwa da gashinsu da idonsu a buɗe, shi ya sa suke saurin yawa.

Kawu, Jazira: Maganinsa waya ce, Malam, irin ta kejin kaji, mai ido bai wuce santimita 3 ba. In idon ya fi haka, ƙanana za su ratsa. Ta tashi mita 1 daga ƙasa, don zomo yana tsalle. A lanƙwasa santimita 15 na gindinta zuwa waje, a danne da ƙasa, saboda ta ƙarƙashi yake fara gwadawa. Fadan ɗaya, ma'aunin gonarmu a Sudan, murabba'in mita 4,200 ne. In gonar mai kusurwa huɗu daidai ce, kewayenta kusan mita 260, wato turaku kusan 87 in an kafa duk bayan mita 3. A shafa wa gindin turakun baƙin mai saboda gara. Baƙar ƙasar nan tana tsagewa da rani, turke ya yi lako-lako, waya ta saki, sai a riƙa bi ana dannawa. Inda aka fi yin sake shi ne bakin hanyar ruwa da ƙasan ƙofa. A sa raga a bakin ruwan, amma a share ta duk ranar ban ruwa, in ba haka ba shara ta toshe ta.

Gwaggo, Gadarif: Wanda ba shi da kuɗin kewaye duka, ya kewaye wurin renon iri da barsim (ciyawar dabbobi da ake shukawa) kawai. Dashen lemo da mangwaro kuwa a yi wa kowanne zoben waya mai tsayin santimita 75, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da itacen. In zomo ya ɓare ɓawon ya zagaye, dashen ya mutu, domin ta nan abincinsa ke sauka zuwa saiwa.

Mai Lambu: Shingen ƙaya fa, Gwaggo? Da ruwan barkono?

Gwaggo: Ƙaya tana tare akuya, amma zomo gida ka gina masa. Haka miskit, itacen nan mai ƙaya da ya cika bakin gonaki, a sare shi taku goma daga shuka. Barkono da ɗan sabulu yana korarsu kwana kaɗan, sai an maimaita duk mako, kuma ba a fesa shi a ganyen da za a ci ɗanye.

Sarkin Noma: Don Allah ban da guba. Kaji da karnuka ne za su ci, yaro kuma ya tsinci mushen. A ƙyale yanyawa da mujiya, su ne ke kama 'ya'yan da dare.