Wa ya san mawaƙin nan K.V. Narayanaswamy?

Dan_Fagge:
Salam jama'a. Akwai wani Ba'indiye da muke aiki tare a Bompai, kullum in ya rage min hanya sai na tarar da wata waƙa a motarsa, ba irin ta fim ba ce sam, murya ce da goge da ganga sai wani abu yana ta zuuu a ƙasa baya tsayawa. Yace min Karnatik ne, kiɗan gargajiyarsu na kudu, mawaƙin kuma K.V. Narayanaswamy. Ni ko kalma ɗaya bana ji amma wlh mutumin baya ihu baya gaggawa. Me yasa suke ji da shi haka?

Baffan_Gwale:
Ai ka faɗo kan babba. An haife shi 1923 a Palakkad ta jihar Kerala, ya rasu 2002. Gidan malaminsa Ariyakudi ya tare shekara da shekaru yana masa hidima yana ɗaukar waƙa, kamar dai almajirin soro. A 1986 aka ba shi Sangita Kalanidhi a Madras, wato Chennai ta yanzu, kuma a wajensu wannan ba ƙaramar sarauta ba ce. Abin da ke zuuu ɗin tambura ce, wani abin kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya, ita ke riƙe wa mawaƙi sauti, shi ko muryarsa manne take da ita ko kaɗan bata gocewa. Wasu in sun samu wuri sai su yi ta zuba lissafin kiɗa don a tafa musu, shi kuwa komai da ma'auni, ya buɗe raga, wato tsarin sautin da aka gina waƙar a kai, ba ganga, ya shiga waƙar, yayi ɗan gudu, kafin ka gundura ya sauka.

Maman_Ilham:
Ni fa Baffa ka yi haƙuri, na gwada minti goma barci ya kwashe ni da wayar a hannu. A bar ni da na fim ɗina.

Baffan_Gwale:
Hhh ƴata ai baki kai wajen naman ba. Ki jira inda zai kama layi ɗaya tak yayi ta juya shi, kalmomin basu canza ba amma kowane zagaye da irin hawansa, niraval suke cewa, nan ne aka fi sallama masa.

Dan_Fagge:
Ashe shi ne! Jiya a cunkoson Murtala Mohammed Way abokin nan nawa yana ta buga tafi a cinya yana ƙirga da yatsu har na baya suka dame mu da hon.