Tankin Hita da Man Bayodizal: "Rufaffe" Ne Ko Ba Rufaffe Ba?

Mai Walda: Assalamu alaikum. An goge zanen tankin haɗa bayodizal da na ɗora jiya a wannan zaure an ce yana da haɗari, ba a ko tambaye ni ba, kuma abin ya ƙona mini rai. Ina nan a kan bakana: tsohon tankin hita na lantarki ya fi buɗaɗɗen duro aminci wajen haɗa bayodizal, wato man dizal da ake yi daga man suya, domin rufaffe ne. Tanki mai lita 150 zai ɗauki man suya lita 100 da metanol lita 20, sauran wurin a bar wa tururi. A cire sandar anod mai hana tankin tsatsa, a cire ƙarfen zafi na sama a toshe raminsa, a bar na ƙasa kaɗai. Famfo ya ja daga gindi ya mayar ta sama. Zafi digiri 55, a kashe wuta kafin a zuba metanol. Ina haɗarin?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Malam, haɗarin yana cikin kalmarka, "rufaffe". Metanol yana tafasa a kusa da digiri 65. Na'urar daidaita zafi ta tsohuwar hita tana iya maƙalewa. Idan ta maƙale tanki kuma a rufe ruf, tururin ba shi da mafita sai ta tiyo ko wurin da ya fi rauni.

Mai Walda: Ban ce ruf ba, Malam. Rufaffe na ce.

Bakanike: Oga, a wurin mai gyara rufaffe rufaffe ne. Sabon shiga zai karanta ya ɗaure kowace kafa da filogi.

Hajiya Mai Sabulu: Ku yi wa Malam adalci. Tukunya mai murfi rufaffiya ce, amma tana numfashi. Abin da ake buƙata bututu ne daga saman tanki ya fita waje, nesa da taga da wuta, kuma kada a sa masa bawul ko ɗaya.

Bakanike: Hajiya, to ai wannan sunansa mai mafita, ba rufaffe ba.

Malamin Kimiyya: Kuma bututun ma ba kowanne ba. Ƙarfe mai rufin zinki, sodar sabulu da ake sawa a haɗin tana cinsa. Alminiyam ya fi muni, yana haɗuwa da soda ya fitar da iskar haidirojin. Shi ya sa ake zare sandar anod, don da magnesiyam ko alminiyam ake yinta. Baƙin ƙarfe ko ƙarfe mara tsatsa, shi ke nan.

Ɗan Firji: Tagulla fa? Ana naɗe bututun tagulla a cikin bokitin ruwan sanyi a maido da metanol ɗin da ya rage.

Malamin Kimiyya: Ga tururin metanol babu laifi. Amma kada man ya zauna cikin tagulla, tana sa shi saurin lalacewa.

Hajiya Mai Sabulu: Ni abin da ban gani a bayanin ba shi ne awon soda. Giram 3.5 a kowace lita na sabon mai ne. Man da aka yi suya da shi sai an gwada tsaminsa: giram 1 na soda a lita 1 ta tataccen ruwa, mililita 1 ta mai a mililita 10 ta sinadarin alkohol na isofurofil, a ɗiga fenoftalin, sinadarin da ke canza launi, a riƙa ɗiga ruwan sodar har ya yi ruwan hoda ya tsaya. Kowace mililita da ta shiga, ƙarin giram 1 ne a kowace litar mai. Kuma a busar da man tukuna, ruwa kaɗan ya isa ya mayar da aikin sabulu.

Bakanike: Ku bar sodar nan. Da NaOH, wato sodar, gilisarin da ke kwantawa a ƙasan man yana daskarewa idan ya huce, ya toshe bawul ɗin gindin hita, wanda dama ƙarami ne. KOH, wato sodar fotash, ya fi, gilisarinsa ruwa-ruwa yake zama. Sai dai awonsa ya ninka na soda sau 1.4.

Hajiya Mai Sabulu: A zuƙe shi da ɗuminsa mana, a kuma canza bawul ɗin da babba. Kullum kai da mutanenka KOH, kamar ba a taɓa yin mai da soda ba.

Bakanike: Hajiya, ba ni da mutane. Bawul nake magana.

Ɗan Firji: Famfon injin wanki zai yi juyin?

Mai Walda: Ba zai yi ba, ƙanena. Don ruwa mai sauƙi aka yi shi, ba shi da ƙarfin juya mai lita 100, robobinsa kuma kumbura suke yi. Idan juyi ya yi rauni, gwajin mililita 3 ta mai a mililita 27 ta metanol zai nuna ɗigon mai kwance a ƙasa, alamar haɗin bai kammala ba. Injin markaɗe da na huda ƙarfe kuwa, idan za a yi juyi da su, tartsatsi suke yi, kada su kusanci metanol, wutarsa da rana ba a cika ganinta ba. Amma har yanzu babu wanda ya amsa mini: hita ko duro?

Bakanike: Ka janye "rufaffe" tukuna, Oga.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, na rufe sharhi. Abin da aka cimma: kalmar "rufaffe" kuskure ce, kamar yadda na gani tun jiya, saboda haka goge zanen ya yi daidai.  Malam Mai Walda zai iya sake ɗora zanensa idan ya nuna bututun mafita da jan layi, ya kuma cire waccan kalmar.