Wifi a bufiya: fiba za a ja ko rawutar 5G?

Usaini: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Bufiyar da nake tsaro a Hindawiyya, nan Jidda, tebur shida ce, shayi da ƙwai da sanwici muke sayarwa. Direbobi da yaran da ke kai saƙon abinci kullum sai sun tambaya ko akwai wifi. Mai shagon ya ce in bincika masa. Fiba za mu ja, wato wayar intanet da ake shigowa da ita cikin gini, ko rawutar 5G, na'urar da ke kamo intanet ta layin waya ta raba wifi?

Kawu Bala: Wa'alaikumus salam, ɗana. Fita ka duba bangon ginin tukuna. In akwai akwatin fiba, a ja ta, ta fi tsayawa daram. In babu, sai 5G, wadda ta shigo ƙasar nan tun 2019. Kamfanonin waya na STC da Mobily da Zain duk suna sayar da rawutar. Kada ka zaɓa don suna, domin ƙarfin kowanne ya danganta da lungu. Ka aro wayoyi masu layukan uku, ka gwada a cikin shagon bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ke kan intanet. Wanda ya yi gudu a wannan lokacin shi ne naka.

Hajiya Rabi: Kuma a karanta takarda kafin a sa hannu. Wani tsarin na shekara ne ko fiye, in ka fasa a tsakiya akwai tara.

Alhaji Mamman: Ni dai ban ga amfaninsa ba. Mutum ya sayi shayin riyal biyu ya kafa zama har la'asar, mai son cin abinci ya rasa kujera. Tebur shida fa ya ce.

Nura: Alhaji, maganarka gaskiya ce, amma tana da magani. Yaya Usaini, abin da ya fi damuna ba gudu ba ne. Kada ka kuskura ka ɗora baƙi a kan wifi ɗaya da kwamfutar kashiya da kyamarori. Tun Disamban 2021 rasit na lantarki ya zama dole a nan, lissafin shagon duk yana cikin na'urar nan. In na'urar biyan kuɗi da katin banki na mada ma da wifi take aiki ba da layin kanta ba, ita ma ta zauna ɓangaren gida. Kusan kowace rawuta, ko Huawei ko TP-Link, tana da wurin buɗe wifi na baƙi daban, mai sunansa da lambar sirrinsa. Ka kunna shi, ka rufe masa hanyar ganin na'urorin shago, ka kuma hana wayoyin baƙin ganin juna. In rawutar na ba da damar ƙayyade gudu, ka yanka wa baƙi nasu kason, don kada mai kallon ƙwallo ya hana kashiya aiki. Sannan ka canza lambar shiga saitin rawutar, kada a bar wadda aka buga a ƙasanta.

Alhaji Mamman: To masu kafa zaman fa?

Nura: A riƙa canza lambar baƙi kowace safiya, a ba wanda ya saya. In mai shagon zai ƙara kuɗi, ƙaramar rawuta ta kamfanin MikroTik tana fitar da tikiti na awa ɗaya, lokaci na cika ta yanke. Sai dai tana son wanda ya iya saita ta.

Kawu Bala: Kada a ajiye rawutar a kicin. Microwave na dagula zangon wifi na 2.4 GHz, ga zafi ga maiƙo. A kafa ta sama a bango, wajen tebura. In 5G ce, kusa da taga.

Hajiya Rabi: Usaini, saurara da kyau. Kada ka yarda a yi rajistar layin da iƙamarka, wato katin zamanka na ƙasar, ko da mai shagon ya ce na ɗan lokaci ne. Akwai dokar laifukan intanet tun 2007, kuma in wani ya yi ɓarna da wifin, wanda sunansa ke kan layi za a fara nema. A yi da sunan shagon.

Usaini: Na gode Hajiya, wannan zan fara gaya masa. Na leƙa yanzu, babu akwatin fiba a ginin. Nura, ko za ka samu zuwa ranar Juma'a da dare mu gwada layukan?

Nura: In sha Allah. Ina da biyu, ka nemo na ukun.