Neman shawara: Na kusa gama bautar ƙasa, zuciyata na kan aikin marayu

Mai tambaya:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa, don Allah a sakaya sunana. Na karanta nazarin zamantakewar al'umma, saura wata 4 in gama bautar ƙasa a Jos. Bayan rikicin 2010 mahaifiyata ta ɗauko 'ya'yan ƙanwarta biyu muka tashi ɗaki ɗaya, tun lokacin abin marayu ya zauna mini a rai. Burina in yi aiki a ƙungiyar Kirista mai haɗa yaran da ba su da kowa da ma'auratan da ke neman ɗa, wata rana ma in buɗe gidan marayu. Baba ya ce wannan aikin lada ne, ba ya riƙe gida, in nemi banki ko gwamnati. Ta ina zan fara? In koma digiri na biyu ne, ko in nemi aiki tukuna?

Wata uwa, tsohuwar jami'ar jin daɗin jama'a:
'Yata, Ubangiji ya albarkaci wannan niyya. Amma bari in gyara miki abu ɗaya tun kafin ki yi nisa. A Najeriya coci ba ta ba da yaro, ƙungiya ma ba ta bayarwa. Kotu ce ke yanke hukuncin mayar da yaro ɗan wani, bayan ma'aikatar mata da jin daɗin jama'a ta jiha ta yi bincikenta. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta ce mai nema ya kai shekara 25, ya girme yaron da shekara 21 aƙalla, yaron ya zauna hannunsa wata 3 a jere kafin hukunci, kuma ta haramta karɓar kuɗi a kan ba da yaro. Kowace jiha da tata dokar: Filato ta yi tata a 2005, Kaduna a 2018, Kano sai 2023. Ki nemi ta jihar da za ki zauna ki karanta ta da biro a hannu.

Kin ga ke nan aikin gwamnatin da Babanki ke faɗa bai saɓa wa burinki ba. Duk takardar yaron da na taɓa gani ta bi ta teburin jami'in jin daɗin jama'a. Shi ke zuwa gidan masu nema ya ga inda yaron zai kwana, shi ke rubuta rahoton da alƙali zai duba.

Maganar buɗe gidan marayu kuwa, ki ajiye ta tukuna. Ki tuna gidan marayu na Du Merci a Kano: a Disamba 2019 aka kama mai gidan aka kwashe yaran, a 2021 kotu ta wanke shi daga zargin satar yara, amma wasu yaran sun shafe shekaru a gidan gwamnati. Ga kuma gidajen da ake tara 'yan mata masu ciki ana sayar da jarirai, waɗanda NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, ke kai wa samame. Su suka sa kowa ya zama abin zargi. A wannan aikin kyakkyawar zuciya ba ta tsaya miki gaban alƙali, takarda ce ke tsayawa.

Wani ɗan'uwa mai aiki da ƙungiyar agaji:
Ƙanwata, aiki tukuna, karatu daga baya. Ba sai kin jira kin karɓi takardar bautar ƙasa ba, a Jos kike, tsakiyar abin. Hedikwatar cocin ECWA da ta cocin COCIN suna nan, ga CRUDAN, ƙungiyar Kirista mai ayyukan raya karkara da birane, ga Gidan Bege mai kula da yaran titi, ga JDPC, hukumar adalci, ci gaba da zaman lafiya ta cocin Katolika. Ki je da ƙafarki ki ce za ki taimaka kyauta kwana biyu a mako. Ki koyi buɗe fayil ɗin yaro da bin sa har ƙarshe, rubuta rahoto, aiki da Excel, da rubuta takardar neman tallafi. Wanda ya iya wannan na ƙarshen ba ya rasa wurin zama.

Gaskiya ɗaya da ba na so a ɓoye miki: yawancin ayyukanmu na kwangila ne. Tallafi ya ƙare, albashi ya tsaya. Ni na taɓa zama wata 5 a gida tsakanin aiki da aiki, ga iyali. Damuwar Baba tana da tushe. Kuma idan aka ce miki "ai hidimar Allah ce" don a hana ki takardar ɗaukar aiki, kada ki yarda. Ma'aikaci ya cancanci ladansa.

Wata 'yar'uwa:
Ki riƙe addu'a, ki kuma sa Mama ta yi wa Baba magana. Ita ta riƙi marayu, ta fi kowa sanin yadda za ta faɗa masa.

Wani malamin makaranta daga Zariya:
Ni Musulmi ne, amma ki ba ni dama. In za ki yi aiki a Arewa za ki haɗu da iyalanmu, to ki san cewa a wurinmu riƙon maraya babban lada ne, amma ba a sauya masa sunan uba, ba ya kuma shiga gado kai tsaye, sai ta kyauta ko wasiyya. Kafala ake ce masa. In yaro ya faɗo hannunki, ki fara binciken danginsa da addinin iyayensa kafin komai. Rashin yin haka ya sha tayar da ƙura tsakanin al'umma, yaron ne kuma ke shan wahala.

Wata da ta tashi a riƙo:
Maganar Malam ta taɓa ni. Na yi shekara 6 a gidan marayu alhali kakata na raye, talauci ne kawai ya sa aka kai ni. Ba a dake ni ba, ban kwana da yunwa ba, amma ba wanda ya san ni ni kaɗai. Yawancinmu a gidan muna da dangi. Da kuɗin da aka kashe a kaina aka ba kakata jari, da a ɗakinta na girma. Anti, ki duba abin da mahaifiyarki ta yi, ai shi ne aikin. Ki koyi neman dangin yaro da taimaka musu su riƙe shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ma abin da ta sa gaba ke nan a ƙa'idojinta na 2009 kan yaran da suka rasa kulawar iyaye: dangi tukuna, gidan marayu sai in babu makawa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, na karanta har da hawaye. Ban taɓa kallon abin da Mama ta yi a matsayin aikin da ake koya ba. Ranar Litinin zan je ma'aikatar mata in nemi kwafin dokar 2005, in tambaya ko za su bar ni in riƙa bin jami'ansu ziyarar gidaje. Mama tsohuwar jami'a, in kin amince zan biyo ki ta akwatin saƙo, ina da tambaya kan yadda ake rubuta rahoton da ake kai wa kotu.

Tsohuwar jami'a:
Biyo ni, 'yata. Ki zo da littafi da biro, da fayil ɗin yaron da aka tsinta za mu fara.