Masu zuwa ziyarar ibada: yaya kuka shirya zuciya kafin tafiya?

Maman Rahila, Bukoki, Yamai
Salama a gare ku ƴan'uwa cikin Ubangiji. Zumuntar matanmu tana tara kuɗi don tura wasu ziyarar wurare masu tsarki, kuma sunana na ciki. Zancen fasfo da katin allurar shawara duk an yi mana bayani. Shirin zuciya ne ba wanda ya taɓo. Waɗanda suka taɓa zuwa, Urushalima ne ko Dassa ta ƙasar Benin ko Yagma ta Burkina Faso, don Allah ku ba mu labari: wace addu'a, wane azumi, me ya amfane ku, me kuma bai amfana ba?

Baba Dattijo, Tawa
Ɗiyata, barka da wannan niyya. Buɗe Zabura daga 120 zuwa 134. Guda 15 ne, waƙoƙin da masu hawa Urushalima idi suke rerawa bisa hanya. Ɗauki ɗaya kowace sahiya, ki karanta da murya, ki sake ta da dare. Ni haka na yi kahin tahiyata, kuma sai da motarmu ta taso daga Yariko na gane amfanin abin. Yariko tana ƙasa da bakin teku da wajen mita 250, Urushalima kuwa tana bisa tudu kusan mita 800. Mota na ta hawa, kunnuwa na toshewa, duwatsu tsirara dama da hagu, sai na ji Zabura 121 tana hitowa daga bakina ba tare da na buɗe littahi ba.

Amma akwai wanda ya hi wannan wuya. Dubi maƙwabtanmu Musulmi in za su hajji: gida gida suke bi suna cewa a yahe musu, su biya bashi. Mu ma an umarce mu a Matiyu 5:23-24, ka bar baikonka gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Akwai ƙanena da muka daɗe ba ma ga maciji kan gonar gado. Ranar da na je ƙohwar gidansa, ƙahwahuna sun hi nauyi bisa ranar da na hau Dutsen Zaitun.

Ɗan Galmi
Baba ya gama magana kan wannan. Ni ma'aikacin jinya ne, azumi zan taɓo. Mama, in za ki yi azumi, yi shi a gida kafin ki tashi, kada ki kai shi cikin mota. Mun je Dassa ta hanya tun kafin a rufe iyaka da Benin a 2023: Dosso, Gaya, a ƙetare kogi zuwa Malanville, Kandi, Parakou. Wata dattijuwa mai ciwon suga ta ɗaura niyyar ba ci ba sha har sai ta ga kogon Maryamu da ake ziyarta a Dassa, ba ta gaya wa kowa ba. Kafin Kandi gumi ya jiƙe ta, hannu na rawa, magana ta sarƙe. Da ruwan sukari muka dawo da ita a bakin hanya. Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ciki, mai shayarwa, ku ga likita tukuna, kuma ku sanar da shugaban tafiya.

Ƴar Mariya, Yantala
Ɗan Galmi, gaskiyarka, sai dai kada mutane su ji kamar an ce a bar azumi gaba ɗaya. Mu Katolika azuminmu da sauƙi, abinci sau ɗaya da ɗan abin taɓawa, ruwa kuwa ba a hana ba. Kuma akwai na baki, wanda ni ya fi ba ni wahala.

A Dassa, wurin kogon Arigbo da ake ziyarta tun 1954, taron watan Agusta ne, damina tsaka. Ƙasa a jiƙe, mutane daga Benin, Togo, Najeriya, Nijar, kowa da tabarmarsa. Na shimfiɗa tawa, na je layin furta zunubi wurin firist, na dawo na tarar wata ta naɗe ta gefe ta baje kayanta da ƴaƴanta uku. Minti goma bai cika ba da aka ce mini in tafi cikin salama. Maganar da ta zo mini har bakin leɓe, Allah kaɗai ya san ta. Na zaro rosari, carbinmu na addu'a, na fara ja, ina ja ina huci. Can cikin dare ruwa ya sauko, ledar matar nan muka lulluɓa mu biyar. Saboda haka shawarata, ki yi alkawari tun daga gida: ba gunaguni kan abinci, kan wurin kwana, kan direba. Za a gwada ki tun a tasha.

Istifanus na Wadata
Mama, abin da ban ji an faɗa ba shi ne gajartar lokaci. A majami'ar haihuwar Yesu a Baitalami, ƙofar shiga gajera ce, dole babba ya sunkuya. Daga nan sai layi, a matse, ana saukowa ƴan matakala zuwa kogon da aka kafa tauraron azurfa a ƙasa. In kin iso, durƙusawa ce kawai ki taɓa, mai tsaro na cewa a yi gaba. Kabarin Ubangiji ma haka. Na ga wanda ya kashe ƴan daƙiƙunsa wajen neman kusurwar hoto, ya fito yana tambaya ko ya fita da kyau.

Wata tsohuwa a ayarinmu ce ta koya mini dabara. Tana da ƙaramin littafi na ƴan makaranta, ta rubuta sunayen duk waɗanda suka ce ta yi musu addu'a, har da mai sayar mata da gawayi. Cikin layi take bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, leɓe na motsi. Mu muna ƙorafin layi bai tafiya, ita tana fargabar kada ya ƙare ba ta kai shafin ƙarshe ba. Tun ranar nake kashe salula in mun shiga wuri, hoto sai a waje. Ki kuma karanta nassin kowane wuri tun daren jiya, Luka 2 kafin Baitalami, Matiyu 26 kafin Gatsemani, don mai jagora sauri yake yi.

Fasto, Harobanda
Ku yi mini haƙuri in ɗan sa gishiri. A Yohanna 4:21-24 Ubangiji ya gaya wa Basamariya cewa sujada ba ta rataya ga wannan dutse ko Urushalima ba. Ziyara ba farilla ba ce a wurinmu, kada gwauruwa ta sayar da akuyarta tana tsammanin addu'arta a Yamai ba ta isa sama. A Najeriya wasu har JP, wato wanda ya ziyarci Urushalima, suke liƙawa bayan suna. Sannan ruwan Urdun da ake cikowa a gora ana shafa wa marar lafiya, wannan daga ina muka samo shi?

Ƴar Mariya, Yantala
Fasto, ba wanda ya ce farilla ce. Ko Ubangiji iyayensa sun kai shi idi yana shekara 12. A Urdun ma mu ba a sake mana baftisma, alkawaran baftisma muke sabuntawa.

Baba Dattijo, Tawa
Hwasto, kan gorar ruwa ina bayanka. Ni ma an roƙe ni, na ce a'a, har wasu suka yi hushi. Wani abin da ya tsaya mini a rai can, makullin majami'ar Kabarin yana hannun iyalan Musulmi tun ɗaruruwan shekaru, su ke buɗewa da asuba. Da na ba liman na unguwarmu labari, sai da ya sa na maimaita.

Ɗan Galmi
Mama, tun da kin ambaci Yagma, kusa da Wagadugu ne, amma kada ku yanke tikitin mota sai kun tuntuɓi shugabannin ikilisiya. Hanyar Torodi da Makalondi ba lafiya. A yankin ne aka sace wani firist, Fada Maccalli, a Bomoanga cikin Satumban 2018, sai Oktoban 2020 aka sako shi a Mali. In jirgi ya fi ƙarfin asusun zumunta, ku ɗaga tafiyar.